Igiyar da Maniru Bai Ja Ba

"Kunna wayar nan mu ji!" Haliru ya miƙo hannu har yatsunsa na neman tsokale idon Maniru. "In ba kiran tsuntsaye kay yi da ita ba, mi kaka ɓoyo? Kunna ta nan, gaban Baba!"

"Haba ɗana, a bi sannu," in ji Kawu Ɗantani, ƙanen mahaifiyar Maniru, wanda ya rako shi tun daga Boɗinga. "Ban haƙuri munka zo, ba dambe ba."

"Ban haƙuri? Ga wanda za ku ba haƙuri nan."

Haliru ya sa ƙafa ya shuri zangarniyoyin geron da aka zube a tsakiyar zaure. Suka watse, wata ta mirgino har gaban gwiwar Maniru. Babu ƙwaya ko ta rantsuwa a jikinta, fes, kamar an sussuke ta a turmi.

Malam Ubaidullahi, mai gidan kuma mai gonar, yana zaune kan buzunsa. Shi ne uban Haliru, shi ne kuma uban Safinatu, wadda aka sa ranar aurenta da Maniru da zarar an kai amfanin gona gida. Geron nan da ke warwatse a ƙasa, da shi za a cika rumbu, daga cikinsa kuma za a fitar da garar amarya. Jiya da safe tsuntsayen nan jan-baki suka sauka a kansa, suka cinye fiye da rabin gonar kafin hantsi ya dubi ludayi. Wanda aka bar wa tsaro a safiyar nan kuwa Maniru ne.

Maniru ya damƙe wayar a cikin aljihun rigarsa. Bai iya duban kowa ba, sai ya saukar da ido wajen asabarin da ya rufe ƙofar shiga cikin gida. A ƙarƙashinsa akwai 'yan yatsun ƙafa biyar masu jan lalle. Ya san su, na Safinatu ne.

Maniru malamin firamare ne a Boɗinga, mutum mai sanyin hali, wanda ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Laifinsa ɗaya a idon jama'a: tsuntsaye. Shekara biyu da suka wuce ya saukar da wata manhaja a wayarsa, ta masu sha'awar kallon tsuntsu. Ka ɗauki hoton tsuntsu, ta faɗa maka sunansa. Ka ɗaga wayar ta saurari kukansa, ta fito maka da hotonsa, da abin da yake ci, da ƙasar da yake tafiya in ya bar nan. Daga ranar Maniru ya zama wani iri. Balbelar da ya taso yana gani a bayan shanu ta koma masa sabuwar halitta. Sai ka gan shi tsaye a bakin fadama, baki sake, babur ɗinsa a jingine, yana kallon zalɓe kamar wanda aka aiko wa wasiƙa daga sama. Abokansa suka naɗa shi Sarkin Tsuntsaye, ya karɓi sarautar da dariya.

Manhajar tana kuma iya maimaita kukan kowane tsuntsu da ke cikinta, kuma nan ne ƙafarsa ta fara zamewa. Wata ranar kasuwa a Shagari, don burge masu shan shayi, ya kunna kukan cilakowa a gindin wata bishiya. Ba a jima ba sai ga cilakowa na gaske ya sauko kan reshe yana amsawa. Aka yi ta salati, aka yi ta shewa. Maniru ya manta da zancen. Mutanen ƙauye ba su manta ba.

Cikin duk waɗanda ya sani, Safinatu kaɗai ce ba ta taɓa yi masa dariya ba. In ya zo zance suka zauna a dakalin ƙofar gida, ita ke karɓar wayar tana duba hotunan, tana gyara masa. "Wannan ba suda ba ta, Sarki, dubi wutsiya." Wata yammar ce ta ba shi labarin Innarta, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ta ce akwai wani tsuntsu da ke zuwa ƙarshen damina, Inna na kiransa baƙon kaka, tana kwaikwayon kukansa da baki in suna gona. Safinatu ta kwaikwaya masa a hankali: sauti uku masu hawa, ɗaya mai sauka, kamar mai tambaya ya ba kansa amsa. Ta ce tun rasuwar Inna ba ta sake jin sa ba. Hawaye suka cika idonta, ta share da bakin mayafi tana murmushi.

A nan take Maniru ya yi wa kansa alkawarin da bai faɗa wa kowa ba: kafin a ɗaura aure, sai ya kawo mata muryar tsuntsun nan. Ya bi kukan tsuntsayen da ke cikin manhajar ɗaya bayan ɗaya, bai same shi ba. Ya bi fadamu da gonaki da bakin gulbi shekara guda cur, shiru.

Jiya Malam ya tafi ta'aziyya Sifawa, Haliru kuma dole ya kai bijimi kasuwa. Gero ya nuna, labarin jan-baki ya cika gari, ba gonar da ake bari ba mutum. Maniru da bakinsa ya ce a bar masa. Wane suruki ne zai ga haka ya naɗe hannu? Bayan sallar asuba Haliru ya kai shi, ya nuna masa rumfar tsaro, doguwa a kan sanduna a tsakiyar gona. Daga rumfar igiyoyi sun tafi kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye cike da tsakuwa.

"Aikin ga ba ya son boko," in ji Haliru. "Ka ja, ka yi kuwwa, ka sake ja. Kowa na kaɗa tashi gona. Wadda tay yi shiru, can suka zubowa. Ka ji ni?"

Ya ji shi. Ya ja igiya, ya yi ihu har maƙogwaronsa ya fara zafi, yana jin gonakin maƙwabta na amsawa ta ko'ina. Rana ta ɗan ɗago. Sai daga kan gawon da ke iyakar gona, tsakanin ja ɗaya da na biyu, ya ji shi. Uku masu hawa, ɗaya mai sauka.

Ya zaro wayar da hannu ɗaya, ɗayan na kan igiya. Manhajar ta rubuta masa cewa hayaniya ta yi yawa, ba ta iya ji. Ya gwada sau biyu, amsar ɗaya ce. Sai ya ce a ransa, minti ɗaya kawai. Ya saki igiyar.

"Kai nika ma magana, Sarkin Tsuntsaye!" Tsawar Haliru ta dawo da shi zaure. "Talakawanka sun ci sun ƙoshi. Sun bar ma gaisuwa. Malami, mai gonar da ke maƙwabtaka da tamu, da idonai ya gan ka tsaye bisa rumfa, waya sama, kana kiran su awa mai kiran kaji. Gari dut an sani. Ba kai na kak kira cilakowa kasuwa ba?"

"Ban kira su ba, Yaya Haliru."

"Kada ka sake ce min Yaya. Ba mu haɗa komi ba tukun."

"Haliru." Malam Ubaidullahi ya ajiye carbinsa kan buzu. Bai ɗaga murya ba, amma zauren ya yi tsit. "Zamna. Tsuntsu rundunar Allah na. Tun kakanninmu suna zuwa, sa'ad da ba waya ba rediyo. Zancen kira, a bar ma masu shan shayi. Ba ni son a sake hwaɗin shi cikin gidana."

Haliru ya zauna yana huci. Malam ya juyo da fuskarsa wajen Maniru, fuska mai tsawo wadda rana ta gasa, idanun ja saboda rashin barci.

"Maniru, ni tambaya guda gare ni. Ka ja igiya?"

"Ya ja, Allah gafarta Malam!" Kawu Ɗantani ya yi caraf ya karɓe, yana danna wa Maniru gwiwar hannu a haƙarƙari. "Wallahi ya ja har hannunai ya yi kanta. Amma Malam ya san jan-baki in sun yi gayya. Ko mutum goma aka aza bisa rumfa sai sun ci abin da anka rubuta musu. Yaro na guda, kuma bai saba ba."

"Malami ya ce ya ga igiya kwance," in ji Haliru.

"Malami idonai sun yi rauni tun bara," Malam ya amsa, ba tare da ya dubi ɗansa ba.

Maniru ya gane. Dattijon nan ƙofa yake buɗe masa. Abin da ake nema gare shi kawai ya sunkuyar da kai ya ce, na ja Baba, sun fi ƙarfina. Shi ne abin da Kawu ya yi ta karanta masa a kan babur tun daga Boɗinga: ka rufe bakinka, ka bar ni da magana, wayar nan kuma ka ce ta mutu. Da ya faɗi haka, da Haliru ya ƙare fushinsa cikin mako biyu, da an rage gara, da an ɗaura aure.

Amma idonsa ya sake komawa ƙarƙashin asabari. Yatsun nan masu lalle sun matso kaɗan. Sai wani tunani ya cika masa ƙirji, mai zaƙi, mai yaudara. Ai Safinatu ba ta san dalili ba. In ta ji muryar nan, in ta ji abin da ya samo mata, za ta gane ba sakaci ba ne, so ne. Wace mace ce za ta ji an yi asarar gona saboda hawayenta, zuciyarta ba ta narke ba? Har ya hango ta tana kuka, tana roƙon Baba ya yafe masa. Har ya hango kansa, shekaru nan gaba, yana ba 'ya'yansu labarin.

"Zan kunna, Baba," ya ce. "Ba na son in shiga gidanka da ƙarya."

"Kai wane irin sakarai na!" Kawu ya faɗa ta cikin haƙora.

Maniru ya fito da wayar, ya lalubo abin da ta ɗauka jiya, ya ƙure sauti, ya ajiye ta kan tabarma tsakanin zangarniyoyin.

Da fari iska ce kawai, tana kaɗa ganyen gero. Can nesa ana jin gwangwanayen maƙwabta da ihunsu. Kusa kuwa, inda ya kamata a ji igiyar gonar Malam, babu komai. Shirun nan ya fi kowace shaida. Haliru ya saki wata gajeriyar dariya mai ɗaci, ya dubi Kawu Ɗantani.

"Kanta ko? Ga kanta nan muna ji."

Sai tsuntsun ya yi kuka. Siriri, tsaf, kamar a cikin zauren yake. Uku masu hawa, ɗaya mai sauka. Ya yi shiru, ya sake. Daga bayan asabari aka ji an ja numfashi da ƙarfi, kamar wadda ƙaya ta soka. Hannun Malam, da ya miƙa zai ɗauki carbi, ya tsaya a hanya. Maniru ya lumshe ido, daɗi ya ratsa shi har ƙafa. Sun ji. Ta ji.

Ya manta cewa wayar ba ta tsaya nan ba.

Wani ƙugi ya taso daga can ƙasan sautin, kamar ruwa mai zuwa da iska, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har ya haɗiye kukan ɗan tsuntsun. Dubban fukafukai. Cikin ƙugin sai ga muryar Maniru, ƙasa-ƙasa, tana rawa don sha'awa: "Subhanallahi... dubi yadda suke juyawa... kai, Allah mai halitta."

"Innalillahi," in ji Kawu, ya dafe kai.

Sai wata murya daga nesa, ta tsoho, tana tsagewa: "Ja igiya! Kai malamin boko, ja igiya! Sun sabka!" Malami ne. Ya sake kira. Ya kira na uku, har muryar ta shaƙe.

Maniru ya kai hannu zai kashe wayar, Haliru ya riƙe masa wuyan hannu kamar da ƙarfe. Dole ya zauna ya ji kansa da kunnensa, yana ɗaga murya cikin ƙosawa, irin wadda yake yi wa yara a aji:

"Don Allah a ɗan yi shiru mana! Yanzu zai sake kuka!"

Wayar ta ci gaba da zubo ƙarar tsuntsaye na cin gero, wani irin ƙas-ƙas mara yankewa, har Haliru ya sake shi ya danna ta da kansa.

"Minti nawa?" Malam ya tambaya.

"Sha tara, Baba." Maniru ya sunkuyar da kai. "Da na farga na ja, wallahi na ja, amma sun riga sun..."

"To ita wayar," Haliru ya katse shi, yana murmushin mugunta, "bayan dut wannan, mi tac ce ma sunan tsuntsun naka?"

Maniru ya amsa: "Ba ta gane shi ba. Ƙarar ta yi yawa. Sunan da ta kawo... jan-baki."

"Jan-baki!" Haliru ya tafa hannu ya miƙe tsaye. "Kun ji ilimi! An ba da rabin gona an sayo sunan jan-baki. Bawan Allah, ai da ka tambayi jakina ya hwaɗa ma kyauta."

"Ba don kaina na yi ba." Maniru ya juya gaba ɗaya ya fuskanci asabari, kunyar surukai ta fita daga idonsa, hawaye na zuba. "Safinatu, kin ji shi ai. Baƙon kaka ne. Shekara guda ina neman sa. Don ke na yi, wallahi don ke."

"Kai, rufe muna baki! Gaban ubanta?" Kawu ya finciko rigarsa.

Malam Ubaidullahi ya daɗe yana duban zangarniyar da ke gabansa. Ya ɗauke ta, ya juya, ya ajiye.

"Gona tawa ta, na kuwa bar ma Allah," ya ce. "Ƙarya ba ka yi min ba, wannan na shaida. Amma zama ba da ni za ka yi ba. Safinatu, na san kina nan. Ba ni ɗaura miki abin da ba ki so, ba ni kwance miki abin da kika so. Yi magana."

Asabarin bai ɗaga ba. Muryar ta fito ta cikinsa, a dushe, kamar ta wadda ta sha kuka ta gama.

"Shi na, Baba. Tsuntsun Inna na."

Maniru ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

"Amma Malam Maniru," ta ci gaba, kuma sunan ya sare shi, don tun da suka saba ba ta taɓa kiran sa da shi ba, sai Sarki. "Ka tambaye ni wada kukan yake, ba ka tambaye ni inda nika jin shi ba. Bisa rumfar nan nika jin shi. Inna na kwaikwayon shi hannunta bisa igiya, tana ja, tana dariya, ni ina goye ko ina zamne gefenta. Ko da zazzaɓi ba ta taɓa saki ba. Ni ban san kukan tsuntsun ga ba sai da ƙarar gwangwani. Yau na hwara jin shi cikin shiru, kuma da ban ji ba ya hi min."

"Safinatu, ki saurare ni..."

"Na saurare ka minti nawa yanzu. Kowa ya saurare ka." Ta ja hanci. "Sakin igiya kuskure na, ɗan Adam kake. Kallon da ka tsaya yi, shi ma sai in ce halinka na, na san ka da shi, na kuwa so ka da shi. Amma tsoho ya yi ma kuwwa har sau ukku, gonar ubana na ƙarewa gaban idonka, kac ce a yi ma shiru. Kuma yanzu kana cewa don ni. Kada ka aza min. Ni ban aike ka ba."

"Hwaɗa mai dai, ƙanwata," in ji Haliru.

"Yaya, kai ma ka bari. Ba daɗi nika ji ba."

Maniru ya saukar da ido ƙasa. Wayar na nan kan tabarma, fuskarta ta yi duhu. A waje wata kurciya na kuka a kan katanga, kuma a karon farko cikin shekara biyu bai ji sha'awar sanin wace iri ce ba.

"Abin da nika tsoro," in ji Safinatu, muryarta ta daidaita, "wata rana ni ka kuwwa cikin gida, shi kuwa ya ji wani abu mai daɗi bisa icce."

Yatsun masu lalle suka ja da baya, suka ɓace daga ƙarƙashin asabari. Sai muryar kaɗai ta rage, ta ɗaga yadda har na ƙofar gida za su ji.

"Baba, na yahe mai har ga Allah. Amma a maida musu kayansu. Ba ni aurenai."